Tsuntsu Mai Ƙafa Goma

Ku gyara zama. Wagga magana ta tsuntsu ce, amma akwai mutum cikinta, mutumin kuwa ni na haife shi.

A ƙauyen da anka yanke mini cibiya, can gaba da Kebbe, akwai tabki bayan gari wanda bado ke rufewa ruf idan damina ta yi nisa. Ganye bisa ganye, kowane kamar faifai, har baƙo ya rantse ƙasa ce ta yi kore. Bisa wanga ganye wani tsuntsu ke yawo, ana ce mashi taka-a-bado. Bai kai kaza ba, ya ɗara kurciya. Bayansa ja ne irin na lallen da ya kama da kyau, wuyansa fari, ƙirjinsa da ɗan ruwan zinariya, ga goshi shuɗi kamar an ɗiga mashi shuni. Amma abin kallon yana ƙasa. Yatsun ƙafarsa dogaye ne sirara kamar tsinken tsintsiya, in ya baza su sai su rufe tafin hannun babban mutum. Da su yake raba nauyinsa. Ya taka ganye, ganyen ya fara nutsewa a hankali, kafin ruwa ya haye mashi ƙafa ya riga ya koma na gaba. Yana tafe yana ɗaga bakin ganye da baki, yana tsintar ƙwari da 'yan ƙananan dodon-koɗi da ke maƙale a ƙarƙashi. Innata kan ce wanga tsuntsu ya san duniya, bai taɓa sakin jiki da wurin da ya taka ba.

Mu kuwa bado ke kai mu tabkin. Kafin gero ya nuna, lokacin da in ka yi magana cikin rumbu yake amsa maka, mata kan shiga ruwa har ƙirji suna tsinkar ƙwallon bado. Ƙwarya na yawo gabansu bisa ruwa, suna jefawa ciki. A zo gida a shanya, a sussuke, a daka 'ya'yan, a tuƙa. Ba abincin marmari ba ne, amma ya tsallakar da gidaje da yawa zuwa kaka. Ni ina biye da Innata, ruwa har wuya, matsattsaku na shan rabonsu a ƙaurina.

A nan na fara ganin ƙwansa. Sheƙar ba abin a zo a gani ba ce, ɗan tarin ruɓaɓɓiyar ciyawa ne ke yawo bisa ruwa. Ruwa ya ƙaru ta tashi, ruwa ya ragu ta sauka. Ƙwai huɗu ne ciki, suna sheƙi kamar an shafa masu man shanu, launin ƙasa-ƙasa, ga baƙin zane ya cukuikuye su ko'ina, sak hannun yaron da anka fara ba alƙalami da tawada. Na miƙa hannu, Innata ta make shi.

"Ba a cin abin da ke da rubutu a jikinsa," ta ce.

"Mi anka rubuta, Inna?"

"Je ki tambayi mai shi."

Ƙwan zabon daji mun ci, na fakara mun ci, amma wanga ko cikin shekarar yunwa ban ga wanda ya fasa shi ba. Mace in ta zo wucewa kusa da sheƙar sai ta yi bisimilla, ta kewaye, ta riƙe ƙwaryarta kada igiyar ruwa ta girgiza ƙwan.

Abin da ya sa mata ke ji da shi kuwa, rainonsa ne. 'Ya'yan suna fita daga ƙwai da ƙafafunsu, 'yan dunƙule-dunƙule kamar curin auduga, ga yatsu sun fi ƙarfin jikinsu, suna tafiya suna harɗewa. Da shirwa ta gitta, ko mutum ya matso, sai ka ji babban ya yi wani kuka ƙasa-ƙasa, ya durƙusa, ya saki fikafikai. 'Ya'yan su sheƙo su shige, biyu nan, biyu nan. Ya matse su da fiffike, ya miƙe, ya kama tafiya da su bisa ganye. Ba ka ganin kai, ba ka ganin jiki, sai 'yan ƙafafu na reto ta ƙarƙashin gashinsa. Mu yara mu tsaya muna ƙirga: nasa biyu, nasu takwas. Tsuntsu mai ƙafa goma. In kuwa abin ya zo da gaggawa, ba a samu damar ɗauka ba, 'ya'yan su nutse cikin ruwa, su maƙale ƙarƙashin ganye, tsinin baki kaɗai ke waje suna shan iska, har sai an kira su.

Duk garinmu uwa ake ce da mai ɗaukar nan. Amarya in ta yi sakaci da jariri, tsofaffi su ce mata, ko taka-a-bado ta fi ki sanin goyo.

To, akwai shekarar da kurkunu ya fito mini a ƙafa, ban iya shiga ruwa. Sai a ɗora ni bisa jaki a kai ni gindin wata giyayya bakin tabki, in yi gadin tulin badon da ake fitarwa. Wanda ba ya iya tashi, ido ke yi mashi yawo. Damina guda na yi ina kallon tsuntsaye biyu da ke gabana, ɗaya babba, ɗaya ƙarami. Ƙaramin ne ke jan ciyawa yana tarawa. Babbar ta zo ta duba, ta tattaka, ta sunkuya, ƙaramin ya hau bayanta yadda zakara ke yi wa kaza. Da safe na ga babbar ta tsuguna bisa sheƙar, ta tashi, ga ƙwai. Ta karkaɗe jiki ta yi gaba abinta. Ƙaramin ya zo ya tura ƙwan ƙarƙashin fiffikensa, ya zauna. Shi ya yi kwanci har anka ƙyanƙyashe. In rana ta yi zafi ya tsaya ya yi masu inuwa. Ranar da ruwa ya ci gefen sheƙar, na ga ya maƙale ƙwai ƙarƙashin haɓarsa, yana ja da baya da shi, ɗaya bayan ɗaya, har wani sabon tarin ciyawa. Ita kuwa tana can ƙetaren tabki, inda wani ƙaramin ya gyara tasa sheƙar yana jira.

Na faɗa wa Innata a hanya, ina bisa jaki. Na ce, mai goyon nan fa namiji ne. Ta tsaya, ta dube ni, ta yi dariya har ƙwaryar kanta ta karkace.

"Ki kama bakinki," ta ce. "In matan garin ga sunka ji, babu mai sake ɗaura majanyi."

Na faɗa wa ƙawayena, sunka ce zazzaɓin kurkunu ne ya taɓa mini kai. Sai na bari. Amma akwai abu ɗaya da na ƙara gani, wanda nake son a riƙe, don kada a zagi macen a banza. Wata rana wani tsari, ɗan'uwan guza, ya biyo ta cikin ganye, kansa kaɗai ke waje, ya nufi sheƙar. Namijin ya tsala ihu. Kafin in ɗauki dutse sai ga ta daga ƙetare, ta taso ƙasa-ƙasa, ƙafafu na jan iska a bayanta, ta dira kan tsarin da duka da sara har ya juya. Ta zagaya wurin, ta tabbata ya tafi, sannan ta koma. Nesa take, amma kunnenta na wurin.

Daga baya anka yi mini aure a Tambuwal. Can rijiya ce da gonar tudu, sai shanu 'yan kaɗan da maigidana ke kiwo. Na rabu da bado, na rabu da tsuntsun. Na haifi na haifa, Allah ya karɓi na karɓa, ya bar mini na bari. Maza sunka kafa gidajensu, mata sunka tafi nasu. Da maigidan ya rasu, gidan ya yi mini faɗi. In na daka fura, sautin taɓarya ya je ya bugi katanga ya komo mini.

Autana shi ne ya yi boko mai nisa. Malamin firamare ne, anka tura shi Kebbe. Matarsa tana aikin asibiti a can, yarinya mai kunya da saurin hannu. Allah ya ba su ɗiya mace, ita ce ta farinsu. Daidai lokacin da ɗiyar ta isa yaye, uwar ta samu gurbin ƙaro karatu a Sakkwato, inda ba a zama da goyo.

A wurinmu wagga ba magana ce mai wuya ba. Yaro in ya isa yaye, ɗakin kakarsa ake kai shi, ya yi kukansa ya gama, ya saba da fura. Da yawa daga nan ba su komawa, kaka ta riƙe, in mace ce sai ranar da za a wanke ta a kai ta ɗakin miji. Ni da kaina na miƙa ɗiyata ta biyu ga uwar mijina, na komo na shiga ɗaki na rufe, ban bari kowa ya ga idona ba. Haka anka yi mini, haka anka yi wa Innata. Yanzu layi ya zo kaina. Na sayi 'yar tabarma. Na fidda ɗan ƙoƙon da ubanta ya sha kunu da shi, na wanke. Na sa anka samo mini akuya mai shayarwa. Na ciro majanyina na saƙi daga ƙasan adaka, wanda na goya Autan da shi, na shanya ya sha iska. Duk babur ɗin da ya tsaya ƙofar gida sai in leƙa.

Uwar ta tafi makaranta. Wata ya tsaya, ya yi haske, ya mutu. Ba a kawo mini kowa ba.

Ƙanwar maigidana, wadda yaran ke kira Gwaggo, ita ta zo ta tsokano ni. Tun muna amare muke faɗa muna shiryawa, yanzu haƙoranmu duka in an haɗa ba su cika baki guda ba. Ta shigo ta tarar ina ba akuya dusa.

"Wagga akuya ke kike shan nonon, ko ita ce jikar?" ta ce.

"Zauna ki huta, ƙafarki ta fi bakinki tsufa."

"Ni dai abin da nika ji a gari, ɗanki ya zama uwa. An ce an gan shi bakin rijiya da kwanon wankin yara. Sai ka ce mata sun ƙare a zuriyarmu. Ɗiyar fari fa. Ubansa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan babban ɗansa ba, balle ya ɗauke shi gaban mutane."

"Wataƙila hanya ce ta ɓaci."

"Hanyar ta ɓaci ga mai zuwa, ta ɓaci ga mai tafiya? Tashi ki ɗauko abinki. Kina zaune gida kamar kabari, ga ɗiya can namiji na dama mata kunu da gudaji."

Maganarta ta zauna mini, don ta taɓa inda ke ciwo. Na tura majanyi cikin jaka, na hau bayan ɗan kabu-kabu. Damina ta yi nisa, hanyar Kebbe ta zama abin da ta zama. Inda ruwa ya yanke mu sauka mu taka, inda laka ta kama taya in tsaya in yi salati shi ya tura. Na isa ƙugu na kuka.

Auta ya fito da sauri, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Sai ga wata 'yar abu ta biyo shi tana tangaɗi, ta rungume ƙafarsa. Ya yi kamar bai san da ita ba. Idonsa na ƙasa, yana tambayata mutanen gida, hannunsa kuwa ta baya yana tare ta kada ta faɗi.

"Ke, je ki wurin kakarki," ya ce, bai dube ta ba.

Na jawo ta. Goshin maigidana ne sak a fuskarta. Ta ƙare mini kallo, ta kama kunnena ta riƙe. A nan zuciyata ta gama yanke hukunci, na ce wagga da ni za ta kwana har in mutu. Sai na dubi kanta. Kitso ne wai. Layi ya taso daga goshi ya nufi ƙeya, ya fasa, ya yi kwana ya faɗa kunne.

"Wa ya yi mata wanga aiki?"

"Maƙwabta ne, Inna."

Matar maƙwabcinsa, wadda ke riƙe yarinyar da safe in ya tafi makaranta, ta shigo gaishe ni da maraice. Na ce mata, ɗiyata, hannunki da kyau wurin tuwo, amma kitso ki bar wa wasu. Ta rufe baki da gyale.

"Ni, Inna? Allah ya tsare ni. Malam ne da kansa. Ba ta yarda kowa ya taɓa mata kai sai shi. Cinyarsa take kwanciya, yana yi yana duba na kaina ta katanga."

'Yan kwanakin da na yi, na ga abin da na gani. Gabana ba ya ɗaukarta, ba ya kiran sunanta, sai dai yarinyar nan. Amma da an sallame asuba ina jin shi bayan ɗaki yana wanke 'yan tsummokinta, ya shanya su ciki bisa igiya inda mai wucewa ba ya gani. Kunun ba gudaji ko ɗaya, Gwaggo ta yi mashi ƙazafi. Ya zuba a ƙoƙo, ya hura, ya ɗiga a bayan hannunsa, sannan ya ajiye kusa da ni ya ce, "Inna, ko za a ba ta." Yayen ma ya riga ya yi shi. Shi ya sha kukan, shi ya yi jijjigar. Na tarar da aikin an gama.

Duk da haka na ce abin da ya kawo ni. Ranar Alhamis bayan la'asar na kira shi.

"Auta, jibi zan koma. Ka haɗa mata kayanta."

"To, Inna."

Ko numfashi bai ja ba. Ya shiga ya fito da 'yan rigunanta, ya zauna bakin tabarma yana ninkewa. Riga ba ta fi tafin hannunsa biyu ba, amma sai ya ninke, ya warware, ya sake.

"Ba ta son tsamiya ta yi yawa a kunu," ya ce wa rigar. "In ta farka kuma tana neman kunnen mutum ta riƙe. In ba ta samu ba ne take kuka."

"Kai da yayyenka wa ya raine ku? Yau kai za ka koya mini yaro?"

"A'a, Inna. Na dai faɗa ne."

Ya kira uwar a waya ya miƙo mini. Na ce mata ga abin da ake ciki.

"Ɗiyarki ce, Inna," ta ce. "Mu ba mu da ta cewa. In an yi hutu sai in biyo ta Tambuwal in gan ta." Sai ta tambaye ni ko tarin da yarinyar ta yi shekaranjiya ya sauka. Tana Sakkwato, ta san tarin da anka yi a Kebbe.

Washegari Juma'a. Da safe wani ɗan unguwarmu mai kabu-kabu ya biyo zai koma Tambuwal ba fasinja, na ba shi ƙullin kayan yarinyar ya wuce da shi, don tafiyar gobe ta yi mana sauƙi. Auta na makaranta. Tun zuwana na ji maƙwabciyar na cewa akwai sauran bado a tabkin bayan gari. Na ce bari in gan shi kafin in tafi, wa ya san ko zan ƙara. Na sunkuya, na ɗora yarinyar, na ja zane, na ɗaure majanyi. Rabona da goyo har na manta. Da ɗumin cikinta ya ratsa bayana, ta kwantar da kunci tsakanin kafaɗuna, sai da na dafa bango. Na fita ban sallami kowa ba.

Tabkin ba kamar namu na da ba. Ciyawar kacalla ta cinye rabi, masu lambu sun jera injin ban ruwa a gefe. Amma can wani lungu bado na nan, ya yi fure fari. Na sami gindin itace na zauna, na sauke ta bisa cinyata. Ban daɗe ba sai ga shi. Goshin nan shuɗi, takun nan na mai tsoron ɓata wa ruwa rai. Bayansa 'ya'ya huɗu na harɗe ƙafafu. Na lura da abin da na manta: ba ya sa masu abinci a baki. Ya ɗaga ganye, ya sara, ya ja baya. Su zo su sara inda ya sara.

"Kaza," yarinyar ta ce, tana nuni.

"Ba kaza ba ce, ƙawata. Wancan ubansu ne."

Hadari ya fara haɗuwa gabas, ban kula ba. Sai ƙarar babur ta taso ta cikin gonaki, da gudu, ba bisa hanya ba. Tsuntsun ya yi kukan nan ƙasa-ƙasa, ya durƙusa. Kafin babur ɗin ya tsaya ya kwashe su, ya miƙe, yana ratsa ganye da ƙafa goma.

Auta ne. Babbar rigarsa ta Juma'a ce jikinsa, laka har gwiwa, hula a karkace. An tashi makaranta da wuri, ya komo ya tarar ba ni, ba yarinya, ba ƙullin kaya. Ya bi hanyar Tambuwal har inda ruwa ya yanke, masu tura babura sunka ce ba su ga tsohuwa da goyo ba, sannan ya juyo yana tambaya gona gona. Ya tsaya gabana yana haki. Da ya ga muna zaune lafiya, sai kunya ta kama shi, ya rasa inda zai sa ido.

"Na ɗauka kun tafi," ya ce.

"In mun tafi fa? Ba haka munka yi da kai ba?"

Ya sa hannu aljihu ya fiddo wasu 'yan takalman roba ja, duka biyun sun ɓace cikin tafinsa.

"An manta takalminta ne, Inna."

Iska ta kaɗa, ganyen bado ya kifa fararen cikinsa, ruwa ya sauko lokaci guda, manyan ɗigo masu zafin duka. Ina ƙoƙarin tashi, gwiwa ta ƙi. Kafin in laluɓo zane, ya sunkuya ya sure ta daga cinyata, gabana, ya ɗaga babbar rigar ya tura ta ciki, ya matse ta da damtse. Na ji ya kira sunanta, yana ce mata kada ta ji tsoro. Ya miƙo mini ɗaya hannun ya tashe ni, ya ce mu bar babur ɗin, akwai bukkar masu lambu can gaba. Ya shige gaba, yana zaɓen wurin takawa cikin laka, kafaɗa a duƙe. Ina biye ina kallon bayansa. Ba kai, ba jiki. 'Yan ƙafafu biyu kaɗai ke reto ta ƙarƙashin hannun rigar, ba takalmi.

Na tsaya cikin ruwan. Ya waiwayo ya ce, "Inna, ƙafar ce?" Na ce ƙafar ce.

Da munka komo gida munka sauya tufafi, ya tafi masallaci ya dawo, na ce ya shigo ɗaki ya turo ƙyaure. Na ɗauko majanyin, ya sha ruwa ya bushe.

"Cire rigar. Sunkuya."

"Inna?"

"Sunkuya na ce. Kana matse ɗiya a hammata kamar ɗan akuya, hannu ɗaya ya mutu. In kana dama kunu ta tashi kuka, da wane hannun za ka ɗauke ta?"

Ya sunkuya. Na ɗora mashi ita. Na nuna mashi yadda ake tura zane ƙarƙashin ɗuwawunta, yadda ake raba ƙafafu, inda ake ɗaure na sama, inda majanyi ke bi. Ƙirjin namiji ba shi da abin da ke riƙe zane, sau biyu yana zamewa, sai da na ɗaure mashi ta kafaɗa. Yarinyar ta miƙa hannu ta kama kunnensa. Ya tsaya tsakar ɗaki, ƙaton mutum mai gemu, bai san ko ya yi dariya ba.

"Cikin gida kaɗai," na ce. "In ka fita da shi waje Gwaggonka ta ji, ni da kai mun bar Tambuwal."

"Gobe fa, Inna?"

"Gobe ka nemo mini mai babur da ba ya gudu. Ni kaɗai ce."

Ya buɗe baki, na ɗaga mashi hannu. Akwai godiyar da in anka yi ta sai an yi kuka, ni kuwa ban shirya yin kuka gaban ɗan da na haifa ba.

Na isa Tambuwal na tarar da Gwaggo zaune tsakar gidana. Ƙullin kayan ya riga ni, ta kwance shi, ta jera 'yan rigunan bisa 'yar tabarmar da na saya. Ta leƙa bayana. Ta sake leƙawa.

"Ina mai kayan?"

"Tana wurin ubanta."

"Kin je da ƙafarki, kin komo da bayanki wayam? Mi ya ce miki?"

"Bai ce komi ba. To kaɗai ya ce."

"To mi ya hana?"

Na zauna, na miƙe ƙafa. Na ce mata, kin san taka-a-bado? Ta ce wane ne bai san ta ba, uwar kirki. Na ce namiji ne. Ta dube ni yadda ƙawayena sunka dube ni tun ina bisa jaki.

"Hanyar Kebbe ta girgiza miki ƙwaƙwalwa," ta ce. Amma ita ta taya ni ninke rigunan, kuma da na zare ɗaya, wata 'yar shuɗiya da ta riga ta yi wa yarinyar kaɗan, na tura ƙarƙashin matashina, ta kau da kai tana zagin akuya.

Kayan sun koma Kebbe ranar kasuwa, akuyar ma ta bi su, ɗaure cikin kwando bayan babur, tana kuka har ta fita unguwa. 'Yar tabarmar na naɗe na jingine bayan ƙyaure. Gidan na nan da faɗinsa, ba zan ce ya ragu ba. Amma in an yi hutu su ukun suke zuwa, uwar da jakar littattafanta, shi yana tafe gaba kamar bai san su ba. In shimfiɗa tabarmar, yarinyar ta kwana riƙe da kunnena. Da safe in zaunar da ita tsakanin ƙafafuna, in tsefe abin da ubanta ya yi, in raba tsaga madaidaiciya tun daga goshi har ƙeya. Shi kuwa yana bakin zaure, wai yana gyaran babur, yana leƙen yadda nake kama gashin.